Inda aka kwana a aikin batirin tarhon Hajiya

Assalamu alaikum 'yan'uwana masu koyon gyaran kayan wuta. Mako biyu ke nan ina kan wani ɗan aiki, yau na ce bari in zauna in rubuta muku yadda ya tafi, tun ban manta da ƙananan abubuwan da suka ba ni wahala ba.

Muna da wani tsohon tarho marar igiya a gida, mai kai biyu. Layin ƙasa ya daɗe da mutuwa a unguwarmu, amma irin wannan tarho yana da wani amfani da ba kowa ya sani ba: muddin mazauninsa yana jone da wuta, kai ɗaya yana iya kiran ɗan'uwansa, ba layi ba kati. Ɗaya yana ɗakin Hajiya, mahaifiyata, ɗaya yana shagona a ƙofar gida. Tun da ciwon gwiwa ya matsa mata, da shi take nemana, maɓalli guda take dannawa. Wayar hannu kuwa rubutunta ya yi wa idonta ƙanƙanta. To da na ɗakinta ya fara mutuwa minti biyu da ɗaukarsa daga caji, hankalina bai kwanta ba. Na zaga shaguna, babu mai irin batirinsa.

Asabar ta farko

Ban sayi komai ba ranar nan, kuma ina ganin shi ne abu mafi kyau da na yi a duk aikin. Na zare murfin baya, na ciro tsohon batirin, na zauna ina karanta shi. A jikin robar an rubuta Ni-MH (nau'in batirin ke nan, irin wanda ake caji), 3.6V, 600mAh (yawan cajin da yake ɗauka). Kafin in taɓa komai na ɗauki hotonsa gaba da baya, musamman ɗan filogin, don a ga ramin da jar waya ta shiga da wanda baƙa ta shiga.

Da na tsaga robar da reza sai ga batura uku ƙanana, irin girman na rimot da ake kira AAA, an jera su an haɗa gindin wannan da kan wancan da siririn ƙarfe. Lissafin ke nan gaba ɗaya: kowane ɗaya volt 1.2 ne, uku a jere sun ba da 3.6. Haɗin jere volt yake tarawa, ba ya ƙara yawan cajin da ake ɗauka, shi ya sa 600 ɗin nan ta kowane guda ce kuma ita ce ta dukansu.

Na sa mitar auna wuta. Biyu suna da ɗan rai, na ukun sifili. A kansa akwai wani farin gari kamar kanwa. Ruwan cikin batirin ne ya tsattsafo ya bushe, kuma yana cin fata, don haka kada ku shafa ido bayan kun taɓa shi, ku wanke hannu da ruwa mai yawa. Inda ya ɓata cikin tarhon na goge da auduga da ɗigon ruwan lemon tsami, na bar shi ya bushe.

Na so in canza mataccen kawai in bar biyun. Kada ku yi haka. A haɗin jere, idan ɗaya ya fi saura rauni, shi yake fara ƙarewa, sauran kuma su ci gaba da tura wuta ta cikinsa ta baibai har su kashe shi. Sabo da tsoho ba sa zama a ƙunshi ɗaya. Ukun duka ake canzawa, iri ɗaya, kamfani ɗaya, in da hali daga kwali ɗaya.

Litinin

Wani abokin aiki ya leƙo shago ya ce, “Malam, me ya sa za ka wahala? Ɗauko batirin tsohuwar wayar hannu ka liƙa, ai 3.7 ne, kusan ɗaya suke.” Na san da yawa daga cikinku wannan tunanin zai zo muku, don haka bari in tsaya a nan sosai.

Lambobin suna yaudara. Batirin lithium, irin na wayar hannu, idan ya cika yana kai volt 4.2, Ni-MH uku ma idan suka cika suna kai kusan haka. Tarhon zai kama, zai yi kira, za ka ɗauka ka gama. Matsalar tana wajen caji. Mazaunin irin wannan tsohon tarho ba ya sanin batir ya cika, wuta kaɗan yake ɗigawa dare da rana muddin kan yana zaune a kai. Ni-MH yana jure wannan, idan ya ƙoshi sai ya mai da rarar ɗan ɗumi. Lithium ba ya jurewa. Dole a tsayar masa da caji daidai 4.2, in aka wuce yana kumbura, yana iya kamawa da wuta. Abin da zai kwana kusa da katifar mahaifiyata ba zan yi gwaji da shi ba. Haka nan batirin tocila na yau da kullum, wanda ba a cajinsa, bai da wuri a nan, yoyo zai yi.

Ranar na sayo batura a wani shago, jikinsu an rubuta 1800mAh. Na yi murna har sai da na dawo na riƙe su a tafin hannu, na ji ba nauyi. AAA na Ni-MH na gaskiya yana kai wajen giram 12, kuma mafi ƙarfinsa bai cika wuce 1000mAh da kaɗan ba, girman jikinsa ba zai ɗauki abin da ya fi haka ba. Duk wanda kuka ga an rubuta masa ninkin wannan, ku ajiye. Na koma na nemo masu 800mAh, irin waɗanda ba sa zubar da caji idan an ajiye su. Kamfanin Sanyo ya fito da irinsu a 2005 da sunan Eneloop, yanzu Panasonic ke yin su, wasu kamfanoni ma suna da nasu. Ƙarin daga 600 zuwa 800 ba ya cutar da tarhon, cikarsa ce kawai za ta ɗan ƙara jinkiri.

Alhamis

Ranar dalma. A masana'anta ba da dalma ake haɗa waɗannan batura ba, wata na'ura ce ke ɗana ƙarfen a jikinsu da walda cikin ƙiftawar ido, zafi bai samu ya shiga ciki ba. Ni ba ni da ita. In kun samu batura masu ɗan kunnen ƙarfe da aka riga aka liƙa, ku saye su ko sun fi tsada, don a kan kunnen za ku sa dalma, batirin bai ji komai ba. Ban samu ba, sai na yi kai tsaye.

Na farko na lalata shi. Ƙarfen dalmata ƙarami ne, bai da zafi sosai, dalmar ta ƙi kama jikin batirin, tana ta dunƙulewa tana gangarowa. Na yi ta dannawa har batirin ya yi zafin da ba ya riƙuwa. Ƙarƙashin kan nan akwai roba da ƴar ƙofar da iska ke fita idan matsi ya yi yawa, zafi yana lalata su. Ko da mita ta nuna yana da rai, na ware shi gefe. Allah ya sa huɗu ne a kwalin.

Na aro ƙarfe mai wat 60 mai faffaɗan baki. Da farko na zaci babban ƙarfe ya fi haɗari, ashe akasin haka ne: mai zafi yana gama aiki nan take, marar zafi shi ke daɗewa yana dafa batirin. Na goge kai da gindin kowanne da sanfefa har ya yi haske, na shafa man dalma kaɗan, na ɗora ɗigon dalma cikin daƙiƙa biyu zuwa uku, na ɗage. Na bar shi ya huce sarai. Ita ma wayar na shafe bakinta da dalma daban. Sannan na haɗa su, taɓawa ɗaya. A gefen kai ku rage dalma, kada ta malala ta toshe ƙananan ramukan da ke kewaye da shi, ko ta haɗa kan da gangar jikin, don gangar jikin gaba ɗayanta ɓangaren gindi ce.

Na jera ukun, na tsakiya kansa ƙasa, na kama su da salatif kafin haɗi. Filogin tsohon batirin na yanko na yi amfani da shi, waya ɗaya bayan ɗaya, kada almakashi ya haɗa biyun. Ko da kun samu sabon filogi mai kama da shi, ku duba hotonku, kamfanoni ba su daidaita a kan ramin ja da na baƙa ba. Wasu batura kuma suna da waya ta uku mai zuwa wani ɗan abin auna zafi, in naku yana da shi ku ciro shi ku mai da shi jikin sabon. Nawa biyu ne kawai.

Mita ta nuna 3.9 a bakin filogi, ja a inda hoto ya nuna. Na rufe kawunan da takarda mai kauri, na naɗe da baƙin salatif. Murfi ya ƙi rufuwa, naɗin ya yi kauri, sai da na warware na mai da shi zagaye ɗaya.

Daga Juma'a zuwa yau

Cajin farko a shago na yi shi, kan faranti, inda idona ke kai. Na ba shi awa 16, duk da an ɗauke wuta sau biyu sai da na mai da shi kan inbata. Lokaci lokaci nakan taɓa bayansa, ɗumi kaɗan ne, bai kai zafi ba. Bayan nan na bar shi a ƙasa ba caji don in ga ƙarfinsa, ya kwana uku alamar batirin ba ta ƙare ba.

Wani abu da na gano da na mai da shi: abin cajinsa a kan taga yake, inda ranar yamma ke dukansa. Da zafin bazara irin namu ga kuma caji ba yankewa, ina kyautata zaton shi ya gaggauta mutuwar tsohon. Na mai da shi kan ƴar durowar gefen gado, cikin inuwa. Tsofaffin baturan suna cikin gwangwani, na rufe kawunansu da salatif, ba zan zuba su a shara ba inda ake cinna wuta.

Jiya bayan la'asar tarhon shago ya yi ƙara. Hajiya ce, ta ce in aiko yaro da sukari, sannan ta tambaya ko na ci abinci. Mun yi minti goma muna hira bai yanke ba. Na shagon ma ya fara gajiya, Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu shi zan buɗe, kuma wannan karon sai na samo masu kunnen ƙarfe kafin in kunna dalma.