Lensin da na je Hawan Daushe da shi

Shekarar farko da na je Ƙofar Kudu, a gidan Sarkin Kano, da kyamara, ɗan lensin da ta zo da shi ne a jikinta, mai 18-55 (girman lambar shi ke nuna yadda lensi ke jawo nesa kusa). Na dawo gida da hotuna cike da kawunan 'yan kallo, mahayan kuwa can nesa kamar ƙwayar gero. A wurin hawa ba ka isa ka matsa gaba ba, dogarai za su mayar da kai baya, kuma da gaskiyarsu, doki ba ya jiran mai hoto. Nan na san sai na nemi lensin da ke jawo nesa kusa.

Na manyan ma'aikata, 70-200 mai f/2.8 (wato ƙofar haskensa na buɗewa sosai; ƙanƙantar lambar, faɗin ƙofar), kuɗinsa ya ninka na kyamarata, nauyinsa kuma ya kusa kilo ɗaya da rabi. Ban ma taya ba. Abin da aljihuna ya kai guda biyu ne, duka na hannu: wani 75-300 da ba shi da na'urar hana rawar hannu, da Canon 55-250 IS STM mai ita. Zuciyata ta fi karkata ga 300, don a ganina babbar lamba ita ce nisa. Sai mai shagon ya ce, Malam, ɗaura kowanne ka leƙa allon shagon can na tsallaken titi. Da na farko rubutun sai rawa yake a idona duk yadda na danne numfashi. Da na biyu, ina taɓa maɓallin rabi sai rubutun ya tsaya cak. Bambancin nisan kuwa ɗan kaɗan ne, wanda yanke gefen hoto a kwamfuta zai cike.

Kafin in biya na haska fitilar waya ta bayan gilashin. 'Yar ƙura ba komai ba ce, abin gudu shi ne fumfuna, wadda ke fitowa kamar saƙar gizo-gizo a lensin da ya daɗe a wuri mai laima. Na murɗa zoben daga 55 zuwa 250 sau da yawa don in ji ko yana cijewa, na kuma gwada saitinsa a kan abu na kusa da na nesa. Gram 375 ne kacal, kana wuni da shi a wuya ba ka ji ba. Sai dai wanda ke shirin komawa manyan kyamarorin Canon masu cikakken firam (wato babban allon karɓar hoto a cikin kyamara) irin 5D ya sani, wannan ba ya hawa kansu.

Ranar Hawan Daushe na tafi da ƙwarin gwiwa. Da la'asar hakimai suka fara shigowa da tawagarsu, ga 'yan lifidi, ga 'yan sulke, algaita na tashi. Masu tafiya a hankali duk sun fito tsaf, har zaren amawali ana gani. Da aka zo jahi, mahaya suka sako dawaki a guje suka ja linzami gaban Sarki, hannu a sama, na yi ta dannawa ba ƙaƙƙautawa. Da dare na buɗe hotunan: katanga tar, 'yan kallo tar, dokin da na zo dominsa kuwa dishi-dishi.

Raina ya ɓaci, na ɗauka lensin ne. Washegari na kai wa wani dattijo da ya daɗe yana ɗaukar hoto a unguwarmu, na ce Baba duba min. Bai kalli hoton da kyau ba ma, lambobin da ke ƙasansa ya duba: 1/160, wato saurin ƙiftawar kyamara, kashi ɗaya cikin 160 na daƙiƙa. Ya nuna min cewa na'urar nan ta cikin lensin rawar hannuna take hanawa, ba ruwanta da gudun doki. Kyamarata 600D ce, ƙaramin firam gare ta, kowace lamba sai an ninka ta da 1.6, wato 250 na aiki kamar 400. Ba don na'urar ba, ko mutum a tsaye ne sai ƙiftawar kyamara ta kai 1/400. Doki a sukuwa yana son 1/1000 ko fiye.

A nan arahar lensin ke nuna kanta. Idan ka jawo shi ƙarshe, ƙofar haskensa ba ta buɗewa fiye da f/5.6, jahi kuma yakan zo rana ta yi sanyi, ga ƙurar da kofato ke tayarwa tana rage haske. Ba wata hanya sai ɗaga ISO, wato ƙarfin da kyamara ke jin haske da shi. Da ina tsoron wuce 400 saboda tsakin da ke fitowa a hoto. Yanzu ina kai shi 1600 ba fargaba, domin hoto mai ɗan tsaki ana iya bugawa, wanda ya yi dishi-dishi kuwa sai sharewa.

Babbar Sallah na koma da shiri. Na sa kyamara a Tv, inda kai ke zaɓar saurin ƙiftawa, na tsayar da 1/1000, na kunna AI Servo don saiti ya riƙa bin dokin, ɗigon saiti na tsakiya kawai na bari ina ɗora shi a ƙirjinsa. Na tsaya inda rana ke bayana, gwiwar hannu manne da haƙarƙari. Ban sauya lensi a fili ba ko sau ɗaya, don ƙurar wurin ba ta da sauƙi. Da sauran rana ina rufe ƙofar hasken zuwa f/8, a nan ya fi kaifi.

Cikin ɗari uku da wani abu da na ɗauka, goma sha biyu na ajiye. Ɗaya na wanke babba na rataye a shago: wani matashi da jan rawani ya ja linzami, dokin ya kusa zama a kan ƙafafun baya, kumfar bakinsa na tashi a iska, kowane ɗigo ana ganinsa.