Inda na kai wajen koyon karanta fuskar dutsen niƙa

'Yan uwana masu koyon wannan fanni, tun bayan da damina ta ɗauke na mai da hankali a kan abu guda, wato yadda mutum zai dubi fuskar dutsen niƙa ya faɗi irin aikin da aka yi a kansa ba tare da ya dogara ga 'yar takardar da gidan tarihi ya liƙa masa ba. Duwatsun da nake bi su ne na 'yan asalin Ostireliya, waɗanda ake kira Aborijin, ta hanyar hotuna da bayanan da gidajen tarihi irin su Australian Museum da ke Sidni da South Australian Museum da ke Adaled suke sakawa a intanet, da kuma kundin nan na Victorian Collections, inda ƙananan ƙungiyoyin tarihi na jihar Biktoriya suke jera abin da ke hannunsu. Tunda hoto ba ya taɓuwa, sai na haɗa karatun da gwaji a gida, kuma a nan ne na fi samun ci gaba.

Na samo fale-falen dutsen yashi, na koɗe fuskar kowane da makoɗi har ta yi kaushi daidai wa daida, sannan na ware wa kowane aikinsa, ban yarda na gauraya ba. A kan ɗaya nake markaɗa jiƙaƙƙen gero da acca, a kan wani nake niƙa jar ƙasa mai tauri, wani kuma ba ya komai sai wasa bakin gatari na dutse. Gero da acca na zaɓa domin ƙananan ƙwayoyi ne, sun fi kusa da irin ciyawar da mutanen tsakiyar Ostireliya suke tarawa, musamman wadda masana tsirrai ke kira Panicum decompositum. A 1835 wani Bature mai binciken ƙasa, Thomas Mitchell, ya ga an yanke ciyawa an tara ta tuli-tuli a gefen kogin Darling na tsawon tafiya mai nisa, abin da ke nuna cewa girbi ne na gaske, ba tsince-tsince ba. Yadda aka bayyana aikinsu shi ne a zuba ƙwayar a kan faifan dutse mai faɗi, a riƙa yayyafa ruwa ana turawa da ɗan dutse, ƙullun yana gangarowa ta baki zuwa cikin akushin itace, daga nan a gasa shi a toka mai zafi ko a sha shi haka nan.

Abin da ya fara bayyana a dutsen markaɗe ba rami ba ne, santsi ne. Tsinin ƙwayoyin yashin da makoɗi ya tayar su ne suke fara kwanciya, su zama bai ɗaya, alhali ƙananan ramukan da ke tsakaninsu suna nan da kaushinsu. Idan dare ya yi na kashe fitila na kwantar da tocila a gefen dutsen yadda haskenta zai shafi fuskar a kaikaice, sai wani ƙyalli mara ƙarfi ya fito a kan tudun ƙwayoyin kawai, tare da siraran layuka da suka bi hanyar da hannu yake kai da komo. Da rana tsaka ba a ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Dutsen jar ƙasa kuwa bai yi wannan ƙyalli ba, ya dai cika da zane-zane masu kaifi waɗanda ba su bi hanya ɗaya ba, kuma launin ya shige ramukansa ya ƙi fita. Na wasa gatari shi ya fi kowane saurin nuna kansa, domin kwari ne siriri mai zurfi a tsakiya, mai laushin gefe, irin waɗanda suke birjik a kan shimfiɗaɗɗun duwatsun da ke kewayen Sidni, galibi kusa da ruwa. Duk wanda ya gwada wasa gatari a bushe zai gane dalilin kusancin nan da ruwa tun kafin hannunsa ya gaji.

Akwai wani ƙaramin gwaji da nake so kowa ya yi a kan dutsensa na gwaji, ba a kan na tarihi ba. Bayan na wanke dutsen markaɗe da ruwa har ido ya gamsu cewa ya fita, na ɗiga masa aidin irin na wanke ciwo, sai ga ɗigo-ɗigon shuɗi mai duhu a cikin ramukan, alamar sitacin gero yana nan a maƙale. Wannan shi ne tushen aikin da masana irin su Richard Fullagar suka daɗe suna yi: su tsotso abin da ya rage a ramukan dutse, su duba a madubin ƙara girma, su gane ƙwayar sitaci da ɓurɓushin tsiro ta siffarsu. Saboda haka duk wanda tsohon dutsen niƙa ya faɗo hannunsa, kada ya sa masa buroshi da sabulu, kada ya shafa masa mai don ya yi kyau a hoto, kuma kada ya gwada niƙa a kansa don nuna wa baƙi, domin sitacin yau zai gauraye da na da.

Da irin wannan bincike ne aka gane cewa gutsattsarin duwatsun da aka tono a Cuddie Springs, kusa da Brewarrina a jihar New South Wales, an niƙa tsirrai a kansu, kuma a 1997 Fullagar da Judith Field suka ba su kimanin shekara 30,000. A Madjedbebe da ke ƙasar mutanen Mirarr, a arewacin Ostireliya, tonon da Chris Clarkson ya jagoranta a 2012 da 2015 ya fito da duwatsun niƙa da jar ƙasa da gatura masu wasasshen baki, aka kuma sanar a 2017 cewa zaman mutane a wurin ya kai shekara 65,000. A wurare biyun akwai masanan da suke ja da shekarun, suna cewa ƙasa tana motsi kuma kaya suna iya nutsewa zuwa shimfiɗar da ta girme su. Ni a rubutuna na kan sa adadin tare da sunan wanda ya bayar da shi, in kuma nuna cewa akwai saɓani. Wanda ya fi burge ni ma ba shi ne mafi tsufa ba. Wani ɗan ƙaramin dutse ne daga kogon Cloggs a ƙasar mutanen Gunaikurnai, a Biktoriya, mai kusan shekara 2,000, wanda aka sanar a 2021 cewa an sami ragowar bogong, wasu ƙwari masu tashi da dare masu kama da malam-buɗe-littafi, a jikinsa. Da ido kawai babu mai cewa ƙwari aka niƙa a kai.

Siffa ma tana magana, amma da iyaka. Duwatsun morah na dazuzzukan arewacin jihar Kwinsland, waɗanda ake yi da dutse mai ɓarewa falle-falle ana yanka masa layuka a jere, an san su da sarrafa 'ya'yan itace masu guba kafin a tsiyaye su da ruwa, don haka da ganinsu an san yankinsu. Manyan fale-falen markaɗe kuwa suna iya yin nisa da mahaifarsu, domin a ƙasar mutanen Mithaka, kudu maso yammacin Kwinsland, akwai manyan wuraren haƙar dutsen yashi inda ake fitar da su ana musaya da su zuwa nesa. Dutsen da aka tsinta a fili mara duwatsu, wani ne ya ɗauko shi a ka, kuma nauyinsa ne ya sa ake barin sa a zango, sau da yawa a kife, har a dawo wata shekara.

Wannan ne ya sa raina yake ɓaci da wasu bayanan da nake cin karo da su, inda za a rubuta cewa dutsen niƙa ne na Aborijin, wani manomi ya bayar, shi ke nan. Babu sunan gona, babu sunan rafi, babu sunan al'ummar da ƙasar take tasu, kuma sau da yawa an raba uwar dutsen da ɗanta. Wani lokaci ma sai a jera shi gefe ɗaya da dutsen wasa wuƙa mai juyawa da hannu na Turawan da suka zo bayan 1788, wai don dai duka duwatsu ne. Irin wannan dutse ana iya karanta fuskarsa, amma ba a iya mayar da shi ga kowa, alhali dokoki irin su dokar kayan gadon Aborijin ta Biktoriya ta 2006 sun ba masu ƙasar hakkin a ji ta bakinsu a kan kayan kakanninsu, sun kuma hana kwasar su daga inda suke ba da izini ba. Dutse kuma ba ya ɗauke da dukkan ilimin aikinsa. A 1861 Burke da Wills, wasu Turawa masu binciken ƙasa, sun yi ta daka ƙwayoyin nardoo, wani tsiron fadama, a bakin rafin Cooper Creek suna ci suna ramewa har suka mutu, a wurin da mutanen Yandruwandha suke rayuwa da shi, kuma masana da dama suna ganin rashin sanin cikakkiyar hanyar sarrafa shi ya taimaka wajen halaka su. Abokin tafiyarsu John King, wanda Yandruwandha suka riƙe, shi kaɗai ya tsira a cikin su ukun.

Takardar rajistar da nake amfani da ita yanzu ta canza saboda haka. Layin farko shi ne wurin da aka samu da sunan al'ummar wurin, sai wanda ya ɗauko da lokacin, kafin a zo ga tsawo da faɗi da kauri da nauyi. Zurfin kwari ina auna shi ne ta hanyar gicciya rula a kan bakin dutsen in sauke wata zuwa tsakiya. Hoto kuma iri biyu nake ɗauka, ɗaya daga sama da ma'auni a gefe, ɗaya da hasken kaikaice. Aikin da ke gabana shi ne in sake koɗe dutsen markaɗen, yanzu da ya yi santsi har gero ya fara zamewa, in ga yadda sabon koɗa yake zama a kan tsohon ƙyalli, domin da yawa daga cikin hotunan gidajen tarihi suna nuna wannan haɗuwa. Wanda yake da tsohon dutsen niƙa a gida da ake koɗawa akai-akai, zai taimake ni ƙwarai idan ya ɗauki hotonsa kafin koɗa da bayansa, da tocila a kwance a gefe guda.