Abin da Wuƙar Likita Ba Ta Yanke Ba

Ƙannena maza da mata, da waɗanda aka riga aka yi wa tiyatar rage ƙiba da waɗanda ke jiran ranarsu, ku sani tun farko cewa ban yi nadamar tiyatar da aka yi mini ba. Ciwon suga ya lafa, gwiwoyina sun huta, ina hawa bene ba tare da na tsaya haki ba. Abin da nake nadama shi ne yadda na yi wasa da shekarar farko, da yadda na ɗauka cewa tunda an rage mini tumbi, an rage har da dalilin da ya sa nake cin abinci fiye da kima. Ba a rage shi ba. Yana nan ya jira ni.

Tiyatar iri biyu ce aka fi yi yanzu. Akwai silif, inda ake yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi a cire, a bar siririn bututu. Akwai baifas, wadda aka yi mini, inda ake ware 'yar jaka a saman tumbi da ba ta wuce mililita 30 ba, wato babban cokali biyu, a haɗa ta da ƙaramin hanji, abinci ya riƙa tsallake sauran tumbin da farkon hanji. Ba sabon abu ba ne. Tun 1966 likita Edward Mason ya fara baifas a Jami'ar Iowa ta Amurka, don haka duk wahalar da zan lissafa muku likitoci sun daɗe da saninta, kuma sun faɗa mini. Har takarda suka ba ni. Ni ce na karanta da ido, zuciyata tana kan sikeli.

A watannin farko yunwa takan ɗauke kusan gaba ɗaya. Dalili shi ne tiyatar tana sauya sinadaran da ciki ke aika wa ƙwaƙwalwa. Sinadarin da ke tayar da yunwa, girelin, mafi yawansa a saman tumbi ake yin sa, ɓangaren da silif ke cirewa. A baifas kuma abinci yana isa hanji da wuri, sai hanji ya saki sinadaran ƙoshi da yawa. Saboda haka nauyi yana zuba ko kun bi doka ko ba ku bi ba, kuma nan yaudarar take. Mutum sai ya zaci shi ne ya canza. Yawanci ramar tana kaiwa ƙarshenta tsakanin wata 12 zuwa 18, daga nan yunwa ta fara dawowa kaɗan-kaɗan, jiki ya saba, abin da ya rage a hannunku shi ne ɗabi'ar da kuka koya lokacin da abin yake da sauƙi. Ni ban koyi komai ba a lokacin. Na ji daɗin cewa ba na jin yunwa, sai na daina ci.

Wannan rashin cin ya ci ni. Ana so mai irin wannan tiyata ya samu aƙalla giram 60 na furotin a rana, daga ƙwai, kifi, nama, madara, wake da makamantansu, ya kuma sha ruwa lita ɗaya da rabi zuwa biyu. Ni kuwa sai in wuni da shayi da ɗan abin da ya sawwaƙa. Idan jiki bai samu furotin ba, ba kitse kaɗai yake narkarwa ba, har tsoka yake ci, ita kuma tsokar ita ce ke ƙona abinci ko kuna kwance. Na rame, amma ramar marar ƙarfi, ta yadda ko tulun ruwa na ɗaga sai hannu ya yi rawa. Game da gashi kuwa, kada ku firgita in kun ga mataji ya cika tsakanin wata na uku da na shida. Saurin rama da girgizar da tiyata ta yi wa jiki ne ke kawo shi, har ga masu kiyaye doka, kuma yana dawowa. Rashin furotin da rashin sinadarin ƙarfe ne ke sa zubar ta yi tsanani ta daɗe.

Yadda ake ci ma sai an sake koyo, kamar yaron da aka yaye. Ruwa-ruwa da farko, sai mai kauri, sai niƙaƙƙe, sai mai laushi, kafin a koma abinci sosai bayan mako 6 zuwa 8. Kada ku yi tsallake, ɗinkin da ke ciki bai warke ba ko da na waje ya bushe. Ku fara da furotin a kowane zama. Loma ƙarama, a tauna har ta narke, a ajiye cokali tsakanin loma da loma. Kada a haɗa ci da sha, a bari sai an yi minti 30 bayan an gama. Ƙoshi kuma ba zai zo yadda kuka saba ba. Wani shaƙuwa ce za ta kama shi, wani atishawa, wani hanci ne zai fara zuba, ni nauyi nake ji a ƙasan ƙirji. Loma ɗaya bayan wannan alamar ita ce ke tsayawa a maƙogwaro, yawu mai kumfa ya cika baki, sai amai.

Akwai kuma abin da zaƙi ke yi, musamman ga masu baifas. Wata rana na sha abin sanyi mai zaƙi a tsaye, da sauri, don na ga ruwa ne kawai. Ba a jima ba zuciyata ta fara bugawa har ina jin ta a kunne, zufa ta jiƙa mini wuya da tafin hannu, cikina ya murɗe, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Na zauna a ƙasa na jingina da bango ina tunanin ko ajali ne. Abin da ya faru shi ne sukari ya zuba cikin hanji lokaci guda, ya jawo ruwa daga jini zuwa hanjin. Wannan yakan zo cikin minti 10 zuwa 30 bayan ci. Akwai na biyu da ke zuwa bayan awa ɗaya zuwa uku, inda jiki ya saki insulin, sinadarin da ke sauke sugan jini, da yawa, sugan jini ya faɗi, mutum ya kama rawar jiki da jiri.

Da wannan wahalar ta hana ni har abada, da na huta. Amma kwaɗayi yana da haƙuri. A hankali na gano cewa in na ci zaƙi kaɗan-kaɗan ba ya kayar da ni. Na gano cewa nama yana tsayawa a ciki ya ƙosar, amma biskit da cakulan da askirim wucewa suke yi ba tare da sun tokare ba. Sai na koma ciye-ciye: ba na zama in ci da yawa, amma bakina ba ya hutawa daga la'asar zuwa dare. Ƙaramin tumbi yana hana cin tulin abinci a zama ɗaya, ba ya hana tsakura sau ashirin.

A nan ne nake so ku tsaya ku saurare ni da kyau, domin nan ne aka fi yin shiru. Yawancinmu ba yunwa kaɗai ke kai mu ga abinci ba. Ni da shi nake kashe ɓacin rai, da shi nake cike kaɗaici, shi ne ladan da nake ba kaina in na gaji, shi ne abokin hira in kowa ya yi barci. Tiyata ta raba ni da wannan abokin a rana ɗaya, ba ta ba ni madadinsa ba. Makonnin farko na yi ta kuka ban san dalili ba. Ana zaune ana cin abinci ana raha, ni na gama da loma uku, na zauna ina kallon hannayen mutane, ina jin kamar an fitar da ni daga cikinsu. Kewa ce ta gaske, kuma ba abin kunya ba ce. Kuskurena shi ne na ɓoye ta, don ina ganin wanda ya samu abin da ya daɗe yana roƙo ba shi da bakin ƙorafi.

Damuwar da aka hana ta ƙofar abinci takan nemi wata ƙofa. Ni ta sayayya ta ɓullo mini, ina sayen abin da ba na buƙata don in ji wannan ɗan sanyin na minti kaɗan. Wasu caca ce, wasu ƙwayoyi, wasu giya, ita kuma giya bayan baifas tana shiga jini da sauri da ƙarfi fiye da da, kuma an tabbatar haɗarin kamuwa da jarabarta yana ƙaruwa. An kuma lura cewa haɗarin mutum ya cutar da kansa ya ɗan fi yawa a tsakanin waɗanda aka yi wa wannan tiyata, musamman masu ciwon damuwa tun da. Don haka in kun ga baƙin ciki ya zauna ya ƙi tashi, barci ya ƙaurace, ko tunanin cewa gara babu ku ya fara gilmawa, ku gaya wa wani a ranar, ku nemi likitan ƙwaƙwalwa. Masu shan maganin damuwa kada su daina da kansu, su sanar da likita, don yadda jiki ke tsotsar magani yana iya canzawa. Ni sai da na fara zama da mai ba da shawara kafin na iya bambance yunwar ciki da ta zuciya. Ta ciki a hankali take zuwa, kuma ko dafaffen ƙwai aka ba ta za ta karɓa. Ta zuciya farat ɗaya take faɗowa, abu guda take so, kuma kusan kullum tana biyo bayan wata magana da ta ɓata mini rai.

Mutane ma za su ba ku aiki. Wani zai ce ko ciwo kike yi, wani ya ce ai kin bi hanya mai sauƙi, wanda kuma bai taɓa kula ki ba ya fara fara'a, abin ya yi miki daɗi ya kuma yi miki ciwo. Ba dole ba ne kowa ya san sirrin cikinku, amma ku zaɓi mutum ɗaya ko biyu da za su san komai. Masu aure ku jawo abokan zamanku cikin tafiyar tun farko. Bincike a ƙasar Suwidin ya nuna cewa bayan wannan tiyata aure yana ƙaruwa ga marasa aure, rabuwa kuma tana ƙaruwa ga ma'aurata. Idan mutum ɗaya ya canza da sauri haka, zaman gidan gaba ɗaya ne ke motsawa. Madubi kuma zai daɗe yana nuna muku tsohon jikinku, fata za ta saki a hannu da ciki da cinya. Ku riƙa busar da matsematsinta don gudun ƙuraje, ku riƙa tafiya a ƙasa da ɗan ɗaga nauyi, maganar tiyatar cire fata kuma a bar ta sai nauyi ya tsaya wuri ɗaya.

Mafi munin abin da na yi shi ne barin bitamin da daina zuwa asibiti. Na ji ni garau, na ga ƙwayoyin sun isa haka. Abin da ban gane ba shi ne hanta tana ajiye bitamin B12 na shekaru, don haka ƙarancinsa ba ya nuna kansa da wuri. Tumbi ne ke samar da sinadarin da ke taimakon jiki ya tsotse shi, kuma an taɓa tumbin. Sai da na fara jin kamar ana tsira mini allurai a tafin ƙafa, ga kasala, ga mantuwa, sannan na koma. Na yi sa'a an tare shi da allura, domin lalacewar jijiya in ta yi nisa ba lallai ta gyaru ba. Ƙarfe da kalsiyam kuma a farkon ƙaramin hanji aka fi tsotsarsu, wurin da baifas ke tsallakewa, shi ya sa ƙarancin jini ya yi yawa, musamman ga mata masu al'ada, ƙashi kuma yana iya yin rauni a ɓoye. A raba shan ƙwayar ƙarfe da ta kalsiyam da awa biyu, don suna hana juna shiga. Wanda amai ya ƙi tsaya masa kwanaki a jere ya garzaya asibiti, saboda bitamin B1 makonni kaɗan yake yi ya ƙare a jiki, rashinsa kuma ƙwaƙwalwa yake taɓawa. Waɗannan ƙwayoyin na tsawon rai ne.

Ku guji magungunan ciwo irin su ibuprofen da diclofenac, da kuma taba, don suna haifar da gyambo a inda aka yi haɗin. Ciwo mai tsanani a saman ciki ta dama yana iya zama tsakuwa a matsarmama, wadda saurin rama ke jawowa. Ƙannena mata, haihuwa takan buɗe da zarar nauyi ya fara sauka, har ga wadda ta daɗe tana nema, amma ana so a jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18, kuma ƙwayar tsarin iyali ta sha ba a cika dogara da ita ba bayan baifas. Ku tattauna da likita kafin tiyata, ba bayan ciki ya shiga ba.

Kunya ce ta riƙe ni a gida lokacin da nauyi ya fara dawowa. Na ɗauka za a yi mini faɗa, a ce na ɓata aikin da aka yi. Da na je, likitar ba ta ko ɗaga murya ba. Ta ce dawowar wani ɓangare na nauyi bayan shekara biyu abu ne da suke gani kullum, kuma akwai abin yi: gyaran tsarin ci, magani, wani lokaci a duba ko haɗin ya buɗe. Idan kun kwana biyu ba ku koma ba, ku nemi ranar ganin likita a wannan makon. Ku ce a duba yawan jini, ƙarfe, B12, folet, bitamin D da kalsiyam, a kuma riƙa maimaitawa aƙalla sau ɗaya a shekara. Ku tafi da kwalayen duk magungunan da kuke sha, kuma in an tambaye ku abin da kuke ci, ku faɗi har da na tsakar dare.