Sassauta sakata kafin ka buɗe naitirojin

Shekara guda cur na yi a hannun maigidana bai bar ni na taɓa bawul ɗin naitirojin ba. Zuƙe iska daga tukunyar bakyum, wato rufaffiyar tukunyar ƙarfe da ake raba ta da iska, wannan tun a wata na biyu ya sakar mini. Amma duk ranar da za a cika ta da naitirojin a buɗe ta, sai ya ce, "Matsa, yaro," ya sa hannu da kansa. Haushi nake ji, har ranar da ya fita na yi gaban kaina. Na bar ƙofar a ɗaure tam, na murɗa regileta mai daidaita ƙarfin gas da ƙarfi, sai ƙas! Tagar gilashin ta tsage daga gefe zuwa gefe. Da ya dawo ko faɗa bai yi ba, tagar kawai ya ciro ya ajiye mini a kan benci. Mako biyu tana nan tana kallona.

An ƙera tukunyar ne ta jure nauyin iskar waje, kusan kilo 1 a kan kowane murabba'in santimita. Turi daga ciki kuwa ba ta san shi ba, ga silinda ɗauke da gas mai ƙarfin "bar" 200, kusan ninki 200 na ƙarfin iskar waje. Shi ya sa a kamfanina ba ma haɗa layin naitirojin sai da bawul ɗin tsaro mai furzar da gas da zarar an ɗan haura miliba 1013, wato ƙarfin iskar waje. Kuma sakatar ƙofa ake fara sassautawa, ta yadda in ciki ya cika ƙofar ce za ta motsa da kanta.

A nan muke shan ciniki da kwastoma. Wani zai ce a cire bawul ɗin tsaron a rage masa kuɗi, ai wane ya yi masa tayin aiki ba shi. Waɗannan 'yan a-yi-a-gama sun ishe ni. Na taɓa kwance aikinsu na tarar da regiletar walda da tiyon roba, ga gaskit ɗin jan ƙarfe, wato zoben toshe mahaɗa, da aka ɗaure sau biyu, alhali sau ɗaya ake amfani da shi a jefar.

Me ya sa ba za a bar iskar ɗaki ta shiga kawai ba? Saboda laima. Tururin ruwa na manne wa bangon ƙarfe, sai ka wuni famfo na ja bai kai inda ake so ba, wani lokaci sai an gasa tukunyar a digiri 150 ko fiye. Busasshen naitirojin ba ya barin wannan wahala.

Kafin na buɗe, sai na kashe gejin auna matsi da ke da zare mai zafi, na rufe bawul ɗin da ya raba tukunya da famfon "turbo" mai zuƙe iska, don fukafukansa na juyi dubbai a minti, gas ya buge su farat ɗaya sun lalace. Sannan na saki gas ɗin kaɗan-kaɗan, kunnena na kan sautin, idona na kan allura.

Yarana kuwa, abin da na fi tsananta musu shi ne leƙe. Naitirojin ba shi da wari ko launi, kuma tukunyar da aka cika da shi ba oksijin a cikinta. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 oksijin ne. In na'urar bango ta nuna ƙasa da 19.5, kowa waje. Wanda na kama ya zura kai cikin babbar tukunya kafin iskar ɗaki ta gauraya, wata guda zai yi yana goge noti.