Gammo, Mesar da Ta Sauya Mini Sana'a a Agege

Ni kafinta ne tun asali. Shagona yana Agege, a wani lungu kusa da layin dogo, kuma shekara da shekaru da keji nake ci: na tantabaru, na aku, na zomaye, wani lokaci akurki ga matan unguwa masu kiwon kaji. Yau kusan rabin cinikin shagon ya koma kan dabbar da a da ko a mafarki na gan ta sai na farka ina ta'awwuzi.

Wani lebura ɗan garinmu, mai aikin sharar fili can wajen Sango Ota, shi ya shigo da ita a buhun shinkafa. Sun rushe wani tsohon suri suka same ta a ciki, abokan aikinsa har sun ɗaga adda, shi kuma ya ce bari ya kawo wa mai keji ko zai samu na mota. Da ya zazzage buhun a kan benci na ja da baya. Abin da ya faɗo bai fasa kai ba, bai yi huci ba, bai ko motsa ba. A dunƙule yake tam, kai a cuse a tsakiya, baƙi da ruwan zinare suna zagaye juna. Yaron shagona ya leƙa ya ce, "Oga, ai wannan gammo ne." Sunan da ya bi ta ke nan har yau.

Mesa ce, amma ba irin wadda muka sani a Arewa ba, mai haɗiye ɗan akuya a bakin fadama. Wannan ƙaramar ce, masana suna ce mata Python regius, Turawa kuma sun sa mata sunan ƙwallo saboda wannan dunƙulewar da take yi idan ta tsorata. Ba ta da dafi. Babbarta ba kasafai take wuce mita 1 da rabi ba, macen ta fi namijin kauri. Asalinta nan ne, Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, tana wuni a ramin ɓera ko cikin suri, ta fito farauta bayan magariba. A yankin Idemili na Anambra ba a kashe ta, a garin Wida na Jamhuriyar Benin har ɗaki guda aka ware mata. Mu kuwa duk abin da ke jan ciki sunansa maciji, kuma ban ga laifinmu ba. Wanda ya taɓa ɗaukar ɗan'uwansa daga gona bayan saran kububuwa, ko baƙin tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Da labari ya kai gida, Inna ta kira ni. "Yanzu kai gardi ka koma a Legas ɗin?" Na ce mata a'a, Inna, ba wasa nake da ita a kasuwa ba, ba na sha mata magani, ba na ɗaura laya, dabba ce a akwati kamar zomo. Uwargida ta ce ta ji, amma ba a ɗakinta ba. Na amince, kuma har gobe ba wadda ta taɓa kwana a gidana, dukkansu a bayan shago suke. Duk Musulmin da ya zo saye yana da shakku kan hukuncin ajiye maciji, nakan ce ya je ya tambayi malaminsa tukuna, ni kafinta ne, ba na ba da fatawa.

Ranar da ta zo na aro sikelin mai sayar da yaji na auna ta: giram 90, tsawonta bai kai kamu ɗaya ba, da kaska biyu maƙale a bayan kanta. Mako 5 ta yi ba ta ci komai ba. Kullum ina buɗe akwati ina leƙawa, ina tura mata ɓera a gaban hanci, ita kuma tana ƙara cusa kai. Sai daga baya na gane leƙen nawa ne ke hana ta. Na kifa mata fasasshiyar tukunyar ƙasa ta zama maɓoya, na rufe akwatin da tsohon zane, na yi kwana 7 ban taɓa ta ba in ban da canjin ruwa. Daren na takwas, bayan isha'i, na miƙa mata ɗan ɓera da dogon hantsaki. Harshe ya fara fitowa daga bakin tukunyar, sau ɗaya, sau biyu, sannan kai ya biyo, wuya ya lanƙwashe. Kafin in ƙifta ido ta cafke, ta naɗe. Na zauna a kan benci na daɗe ina kallo har ta haɗiye, daga kai zuwa wutsiya, ta yi hamma ta mayar da muƙamuƙinta daidai. A daren na sayi littafi mai layi na fara rubutawa: ranar ci, nauyi, ranar saɓa, ranar kashi.

Littafin nan shi ne jarin sana'ar, ya fi injin yankan katako amfani a wurina. A ciki na ga yadda tana ƙarama take saɓa kusan duk mako 4 zuwa 6, da ta girma tazarar ta buɗe. Na koyi alamun: ciki ya yi ja-ja, launin jiki ya dushe kamar an barbaɗa toka, idanu su yi shuɗi-shuɗi kamar mai yana. A kwanakin nan ba ta gani sosai, ba ta son taɓi, ba ta ci. Sai idon ya washe, bayan kwana kaɗan ta goga hanci a jikin tukunya ta fice daga tsohuwar fatar kamar an cire safa. Saɓar da ta fita guda ɗaya, har da marfin ido, shaida ce danshin akwati ya yi daidai. Idan ta fita a yayyage, laifin mai kiwo ne. A shekara guda Gammo ta haura giram 600, a shekara ta uku ta wuce 1,500.

Akwai kuskure biyu da na yi mata da ba na mantawa. Na farko, na bi bidiyon masu kiwo na Amurka da Ingila na sa mata ƙwan fitila mai zafi a cikin akwati. Su can sanyi suke yaƙa. Mu a Agege, ƙarƙashin rufin kwano, da azahar ɗin watan Maris, zafi ne abokin gaba. Na dawo daga sallah na same ta kwance a kwanon ruwa, ma'aunin zafi ya wuce digiri 36. Abin da take so, ɓangare ɗaya na akwati ya kai 31 ko 32, ɗayan ya tsaya wajen 26, ta zaɓi inda za ta kwanta. A Legas sau da yawa iska da inuwa sun isa. Na biyu ya fi ciwo. Na bar mata ɓera mai rai na tafi kai keji unguwar Mile 12, cunkoso ya riƙe ni, na dawo na tarar ba ta ci ba, ɓeran ne ya gaigaye mata baya. Likitan dabbobi ya wanke, ya ba da magani, sai da ta yi saɓa uku kafin wurin ya rufe, tabon yana nan. Tun ranar ban ƙara barin mai rai a akwati ba.

Daga nan ne ma sana'ar ta fito. Na fara kiwon fararen ɓeraye don ita kaɗai, sai ga masu ajiye irinta daga Ikeja, Surulere, Lekki suna neman abinci, daga abinci su ce a yi musu akwati. Gaskiyar cinikin ita ce, ribar tana wurin ɓera da akwati. Mesa sau ɗaya ake saya, tana iya kai shekara 20 zuwa 30 a hannun mai kula, amma ci duk mako ne ga ƙarama, duk mako 2 ko 3 ga babba. Ɓerayen nakan kashe su nan take ba tare da wahalarwa ba, in ƙulla a leda bisa girma, in sa a firiza. Shi ya sa wutar lantarki ce ke raba ni da barci. Akwai lokacin da aka yi kwana 3 babu wuta, janareto ya ƙi tashi, kayan wata guda suka narke, na haƙa rami na binne. Yanzu kuɗin mai yana cikin farashin kowace leda, kuma ina faɗa wa mai saye.

Abu ɗaya da ba na sassauci a kai: ɓeran gida ko na kasuwa ba ya shiga akwatina. Wani zai ce ga su nan kyauta a kwata. Na kwata ya ci guba, yana ɗauke da tsutsa, kuma wani irin ɓeran daji mai yawan nonuwa, wanda shi ne abincin mesar a dawa, shi ke yaɗa zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969. Ita kanta mesar tana iya ɗaukar ƙwayar cutar salmonela mai sa mutum gudawa a jiki, don haka akwai buta da sabulu a ƙofar bayan shago, kowa ya taɓa sai ya wanke hannu.

Akwatin kuwa aikin hannuna ne, a nan nake jin daɗi. Tsawonsa ya kai tsawon mesar, ƙofar gilashi mai zamewa da makulli, ramukan iska a sama da gefe, maɓoya biyu, kwano mai nauyi da ba za ta kifar ba, shimfiɗar ɓawon kwakwa. Ba na zuba garin katakon shagona, ƙura da ƙamshinsa suna cutar da numfashinta. Da damina nakan rage jiƙa shimfiɗa don laima tana ruɓar da fatar ciki, da hunturu in ƙara. Kuma duk ramin da kanta ya shiga, jikinta zai bi.

Ana yawan tambayata ko ta san ni. Ba zan yaudari kowa don in sayar ba: ba kyanwa ba ce, ba za ta tarbe ka a ƙofa ba, ba ta da kunnen waje, ko ƙifta ido ba ta yi. Da harshe take shinshina, da ƙananan ramukan leɓenta take jin ɗumin jiki. Amma hali akwai shi, kowacce da nata. Gammo ta daina dunƙulewa a hannuna tun tana wata 8. Nakan ɗago ta daga tsakiya, ta naɗe damtsena ba matsewa, ta miƙa kai tana bin iskar fanka. Baƙo ya karɓe ta, sai ka ga jikin ya ƙage. Namijin da na samo mata daga wani mai kiwo, shekara 3 yana wurina, har yau inuwar hannu ta gifta sai ya koma ƙwallo. Gammo kuma tana da yajinta: hunturu na shigowa takan bar ci, wata shekarar wata 4 cur. Karon farko hankalina ya tashi, littafin ne ya kwantar da shi, da na ga nauyin bai ragu da abin kirki ba.

Ba kowa nake sayar wa ba. Akwai wani Alhaji da ya sayi ɗaya wa ɗansa, aka ajiye akwatin a falo mai na'urar sanyaya ɗaki dare da rana. Bayan wata 2 direba ya dawo da ita tana buɗe baki, majina a hanci, numfashi yana fito. Ba ta tashi ba. Tun daga nan sai na yi tambayoyi: ina za a ajiye, wa zai ciyar, iyali sun sani, mai gidan haya ya yarda? Wanda ya ce don ɗaukar hoto yake so, ko ya fara yi mini zancen haɗa magani, nakan ce masa babu. Na kuma daina sayen na daji. Togo, Benin da Ghana suna fitar da dubbai zuwa Amurka da Turai duk shekara, jinsin yana cikin jeri na 2 na yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, fitar da shi sai da takardar izini, kuma a 2021 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin waɗanda ke dab da shiga barazanar ƙarewa. Wanda aka ƙyanƙyashe a akwati ma ya fi saurin karɓar abinci, ba kaska, ba tsutsa.

A shekararta ta huɗu Gammo ta saka ƙwai 6, farare, masu laushi kamar jimammiyar fata, manne da juna. Ban kwashe ba, na bar ta ta yi kwancinta, ta naɗe su ba ci har kusan wata 2. A kwana na 57 yaron shago ya kira ni da sassafe, murya na rawa: "Oga, zo ka gani, sun tsaga." Kai ɗaya ne a waje, ƙarami kamar kan yatsa, yana fitar da harshe, sauran jikin yana cikin ƙwai. Biyar suka fita, ɗaya bai yi ba. Na auna su ɗaya bayan ɗaya a sikelin nan na mai yaji, wanda daga baya na saye shi gaba ɗaya, na buɗe wa kowanne shafinsa. Huɗu suna gidajen mutane yanzu, duk wata ana aiko direba ko ɗan acaɓa karɓar ledarsu. Ta biyar, mace, mai zane kamar na uwar a bayan wuya, na riƙe ta, jiya ta yi saɓa ta fita guda ɗaya.