Ƙaramin inji da buhunan masarar Ejura

Tun ranar da na sayi a-kori-kurata mai injin dizal lita 2.4, tambaya ɗaya ake yi mini a unguwar Aboabo da ke Kumasi a Ghana, daga ƙofar masallaci har teburin mai shayi: anya wannan ɗan injin zai ɗauko masara daga Ejura? Kawuna, wanda ya shafe shekaru yana tuƙa tsohuwar Hilux mai lita 3.0, shi ya fi kowa shakka. Ya buɗe bonet, ya leƙa, ya ce, "Ɗana, motar ofis ka saya kake son yin lodi da ita." Ban yi musu da shi ba, domin a zamaninsa girman inji shi ne ma'aunin ƙarfi, kuma ba a ƙarya ya gina maganarsa ba.

Sai dai zamanin ya juya. Injin motar Kawu, samfurin da ake kira 5L, ba shi da tabo (turbo, na'urar da ke ƙara wa inji iska), ƙarfinsa bai kai doki 100 ba, ƙarfin murɗawarsa kuma, wanda ake aunawa da Nm, bai cika 200 ba. Nawa, duk da ƙanƙantarsa, yana ba da doki kusan 150 da Nm 400, saboda tabo yana cusa masa iska, famfo kuma yana fesa mai da matsi mai tsanani. Ƙarfin murɗawar nan shi ne abin da mai lodi yake ji a ƙafarsa lokacin da mota take tashi da kaya. Ford ma sun bi wannan hanya: injin Ranger mai lita 3.2 yana ba da Nm 470, amma mai lita 2.0 da tabo biyu ya kai Nm 500. Isuzu D-Max mai lita 1.9 kacal an sayar da ita a Ingila da izinin jan tirela mai kilo 3,500.

Saboda haka ni ba injin ne yake damuna ba. Abin da ya dame ni shi ne yadda muke jin irin waɗannan alƙaluma sai mu ɗauka an sakar mana mara. Nauyin da mota za ta ɗauka a bayanta, shasi ne da sifirin da taya da birki suke yanke shi, kuma ga yawancin irin motocinmu masu ƙofa huɗu abin yana tsayawa ne a wajen kilo 1,000. Direba da fasinjoji suna cikin wannan lissafi, abin da mutane da dama ba su sani ba. Idan mu huɗu ne a ciki, kowa kilo 75, to kilo 300 sun tafi, saura 700, wato buhun siminti 14, ko buhun masara bakwai idan kowanne kilo 100 ne. Duk wanda ya taɓa sayen masara a Ejura kuwa ya san yadda ake cika buhu har a ɗinka masa hula a baki, ya wuce ɗari nesa ba kusa ba.

Lissafin tirela ya fi wannan sarƙaƙiya. Kilo 3,500 ɗin da ake tallatawa na tirela ce mai birkinta na kanta. Wadda ba ta da birki, irin da masu walda suke haɗa mana, iyakarta kilo 750. Sannan wani kaso na nauyin tirelar, sau da yawa har kusan kashi goma cikin ɗari, yana sauka ne a kan ƙugiyar bayan mota, kuma daga cikin lodinka ake cire shi. Akwai kuma iyakar jimillar mota da tirela a haɗe, wadda a wasu motocin kilo 6,000 ce. Cire 3,500 na tirela, cire kusan 2,100 na motar kanta, za ka ga kilo 400 ne suka rage wa direba da yaran mota da duk abin da ke baya. Ba a cika duka biyun a tafiya ɗaya.

Na gane haka da idona a gangaren Mampong, kan hanyar Ejura zuwa Kumasi, a kakar bara. Wata a-kori-kura ta wuce ni da buhuna jere sun fi rufinta tsawo, bayanta ya zauna, gabanta ya ɗaga kamar tana kallon sama. Injinta ko gezau bai yi ba. Da muka sauko gangaren na tarar da ita a gefen titi, hayaƙi na fita daga tayoyin gaba, warin birki ya cika wurin, direban ya zauna a kan dutse hannunsa na rawa. Allah ne ya tsare, domin da wata mota ta tsaya a gabansa, da labarin ya zama na makoki. Tsohon inji ya kan gaji a hawa ya gargaɗi mai shi. Sabon ba ya kuka, sai ya kai ka inda birki zai ƙi.

Ƙaramin inji yana da nasa haƙƙin. Mastan da yake duba mini mota a Magazin ɗin Suame, unguwar makanikai ta Kumasi, ya ce mini, "Alhaji, wannan ba ya son ƙazamin mai, ba ya son tsohon baƙin mai, kuma in ka sauko daga doguwar tafiya ka bar shi ya ɗan huta kafin ka kashe." Ya nuna mini farantin kulochi da ya ciro daga wata motar, ya ƙone ya yi shuɗi saboda tashi da kaya fiye da kima, ya ce a can ne kuɗin da aka yi tsammanin an tsira da shi yake komawa.

Yanzu buhu shida nake ɗorawa idan yara biyu suna tare da ni, in tura nauyin gaba kusa da kan mota, in ƙara iskar tayar baya kamar yadda takardar jikin ƙofa ta nuna, in sauko Mampong da ƙaramar giya. Ranar da kaya suka fi haka, sai in nemi babbar mota mu raba kuɗin da abokan fatauci. Kawu ya bi ni Ejura makon jiya, kuma da muka kama hawa ya yi shiru yana sauraron injin, sannan ya ce in ba shi sitiyari a dawowa.