Jahi a Ƙofar Kudu, da abin da ya faru a Kwatarkwashi

Wata Sallah na kai ɗan ƙanwata kallon Hawan Daushe a Ƙofar Kudu, gaban fadar Sarkin Kano, na saɓa shi a wuya don ya hango. Da aka zo jahi, mahaya suka sako dawaki a guje, masu a ɗage, sai dab da sarki suka ja linzami, ƙura ta turnuƙe. Yaron ya sunkuyo ya ce, "Kawu, waɗannan ai ba mai iya musu." Na yi dariya kawai, don Kwatarkwashi ce ta faɗo mini a rai.

Ran 3 ga Fabrairu 1903 Kanar Morland na sojan Ingila ya ci Kano da sojan da ba su kai dubu ba, Sarki Alu kuwa yana Sakkwato. A hanyar dawowa Alu ya rabu da rundunarsa, Waziri Ahmadu ya ja ragowar. Kusa da dutsen Kwatarkwashi, a Zamfara ta yau, suka ci karo da 'yan sintirin Turawa, mutum bai kai hamsin ba. 'Yan sintirin suka tsaya kusurwa huɗu, kafaɗa da kafaɗa, kowa ya fuskanci waje da bindigarsa. Barade suka kai hari, aka zubar da su, suka koma suka sake kaiwa, haka har Waziri ya faɗi. Shi ne Kanawa ke kira Mai Shahada.

In ka tambayi mutum dalili zai ce maka ai bindiga ce. Ban musa ba. Bindigar Bature ta fi tamu nisa da sauri, samunta kuma ya yi wa sarakuna wuya. Amma Kano ma tana da 'yan bindiga. A hannun wa take? Bayin sarki, mutanen su Shamaki da Sallama. Ɗan sarauta doki ne nasa, da sulke da kwalkwali da takobi, maroƙi na biye yana yi masa kirari. Shi kuwa kirari na mutum ɗaya ne, wanda ya riga kowa kutsawa. Ban taɓa jin an wasa wanda ya tsaya a sahu yana jiran a ce masa harba ba. Wanda ya tashi cikin wannan tarbiyya, ka ce ya sauka daga doki ya laɓe a ganuwa ko ya kai harin dare, ai zagi ne. Ranar 15 ga Maris a Sakkwato ma fili aka fito, a Giginya, da safe, gaban igwa da bindiga mai ruwa.

Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne waɗanda ke cikin sahun can. Turawan 'yan tsiraru ne. Masu riƙe da bindigar galibi Hausawa ne da Yarbawa, da yawansu bayin da suka tsere ko talakawan da ba su da ko jaki, kuma da Hausa ake magana a barikin. Jini ɗaya, tuwo ɗaya. Sai dai can an koya musu fareti har ya zama jiki, ana biyansu albashi, kuma mutum na zama kofur ko saje ba tare da an tambayi ɗan wane ne ba. Ba yabon mulkin mallaka nake ba, bulala ma tana cikin horon.

Shi ma wancan tsarin yana da lagonsa. A Fabrairu 1906, a Satiru kusa da Sakkwato, manoma da gudaddun bayi ɗauke da gatari da fartanya da baka suka auka wa sojan doki na Turawa tun ba su gama daidaita sahu ba. Ba kirari, ba jiran tambari. Suka kashe Turawa uku da sojoji sama da ashirin, suka kwashe bindiga mai ruwa, abin da baraden Kano da na Sakkwato ba su yi ba. Wata bai cika ba Turawa suka dawo da shiri, da goyon bayan sarakuna, suka karkashe mutanen garin suka mai da shi kufai.